Yadda Ake Zaɓen Mahaɗin Fayil Da Zai Yi Aiki A Windows, Mac Da Linux A Ofis Ɗaya

Duk ofishin da ma'aikata ke ajiye fayilolinsu a kwamfuta ɗaya ta tsakiya, ko a akwatin ajiya na netwok irin na Synology ko QNAP, ba ya daɗewa bai ci karo da matsalar mahaɗi ba. Akanta zai aika wa abokin aikinsa saƙo cewa kasafin kuɗi yana Z:\rahoto\kasafi.xlsx, shi kuwa abokin aikin yana kan Mac, inda babu wani faifai mai suna Z. Mai zane zai aiko da /Volumes/aiki/rahoto, wanda ke kan Windows ya danna bai ga komai ba. Daga nan sai kowa ya koma liƙa fayil a imel ko a WhatsApp, kwafi ya yawaita, a rasa wanda yake na ƙarshe, amfanin ajiya ta tsakiya kuma ya tafi.

Abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne, babu salon adireshin SMB guda ɗaya da ke buɗewa da dannawa ɗaya a Windows da Mac da Linux baki ɗaya. SMB ita ce yarjejeniyar da kwamfutoci ke bi wajen raba fayiloli a cikin netwok, an ƙirƙiro ta a kamfanin IBM a 1983, Microsoft ya ɗauke ta ya faɗaɗa, manhajar Samba da Andrew Tridgell ya fara a 1992 ta kai ta Linux, Apple kuma ya mayar da ita hanyarsa ta farko tun 2013. Dukkansu suna jin wannan yarjejeniya, amma kowanne yana rubuta adireshin da salonsa. Saboda haka aikinka zaɓi ne tsakanin hanyoyi biyu ko uku gwargwadon abin da mutanenka ke yi da fayilolin, sannan ka kafa suna ɗaya da ba zai canza ba.

Kayan aiki

Kana buƙatar sabar fayilolin kanta, wato kwamfutar Windows da aka raba folda a kanta, ko Linux mai Samba, ko akwatin ajiya na netwok, tare da asusun mai gudanarwa a kanta. Kana buƙatar kalmar sirrin shiga rautar ofis, domin a nan ne za ka daidaita adireshi da suna. Ka tanadi kwamfuta ɗaya daga kowane nau'in da ake amfani da shi a ofishin, da wayar Android da iPhone idan akwai masu buɗe fayil da waya, don gwaji. Ka buɗe asusun gwaji na ma'aikaci na gama-gari wanda ba shi da ikon mai gudanarwa, saboda gwajin da aka yi da asusun mai gudanarwa yana ɓoye matsalolin izini. A kan Linux ka saka kunshin cifs-utils da smbclient. Sai kuma batirin UPS ko infata da zai riƙe saba da rauta tare, domin mahaɗi mafi kyau ba ya buɗe komai idan an ɗauke wuta saba ta mutu.

A misalan da ke ƙasa sunan saba "taska" ne, foldar da aka raba kuma "aiki".

Mataki na 1: Gano abin da mutane ke yi da mahaɗin

Kafin ka taɓa kowane saiti, ka zagaya ka tambayi ma'aikata abu uku: a ina suke liƙa mahaɗin, da wace na'ura ake buɗe shi, kuma wanda ya buɗe karantawa kawai zai yi ko gyara zai yi ya adana. Amsoshin nan su ne ke yanke hukunci. Idan yawancin aikin gyara fayil ne a wurinsa, kamar takardun Excel na asusu, zanen gini ko bidiyo mai nauyi, to hanyar SMB ce ta dace, domin manhaja tana buɗe fayil ɗin kai tsaye daga saba, tana kulle shi lokacin da wani ke gyarawa, tana kuma adanawa a wurin da ta ɗauko shi. Idan kuwa yawancin aikin aika wa mutane takarda ne su karanta, musamman a waya ko daga wajen ofis, to mahaɗin https ne ya dace, domin shi kaɗai ne kowace na'ura da kowace manhajar saƙo ke ganewa ba tare da wani shiri ba.

Yawancin ofisoshi suna buƙatar duka biyun, kuma wannan ba laifi ba ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙoƙarin tilasta wa hanya ɗaya ta yi aikin ɗayar.

Mataki na 2: Ba saba suna da ba zai canza ba

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Duk mahaɗin da aka rubuta yau zai zauna a cikin imel da takardu na shekaru masu zuwa, kuma ranar da sunan saba ya canza duk za su mutu tare.

Da farko ka shiga rauta, ka nemi sashen DHCP, wato mai raba wa na'urori adireshi, ka keɓe wa saba adireshin IP ɗaya, misali 192.168.1.10, ta hanyar ɗaure shi da lambar MAC, wato lambar shaidar katin netwok ɗinta (ba kwamfutar Mac ba). In ba ka yi haka ba, duk lokacin da wuta ta dawo rauta ta sake tashi, tana iya ba saba wani adireshin daban, ma'aikata su wayi gari suna cewa netwok ya lalace alhali lamba ce kawai ta sauya. Bayan haka ka ba wannan adireshi suna a sashen DNS na rautar ko na sabar ofis, wato sashen da ke haɗa suna da adireshi. Sunan ya kasance na aikin da saba ke yi, kamar taska, kada ya zama sunan kamfanin da ya ƙera na'urar, ko sunan ma'aikacin da ke kula da ita, ko shekarar da aka saye ta, domin duk waɗannan za su canza ranar da aka sayi sabuwa. Ka rubuta shi da ƙananan haruffan boko marasa lanƙwasa, ba tare da tazara ba, kuma kada ya wuce haruffa 15, wanda shi ne iyakar tsohon tsarin NetBIOS da wasu na'urori ke dogaro da shi har yanzu.

Kada ka rubuta lambar IP a cikin mahaɗi ko da ka keɓe ta. Ranar da aka canza rauta ko kamfanin intanet, jerin lambobin na iya komawa 192.168.0 ko 10.0.0, suna kuwa sai dai a sake nuna masa sabon wuri.

Idan rautarka ba ta da wurin rubuta suna, akwai mafita biyu. Ta farko ita ce sunan da ke ƙarewa da .local, wanda Mac ke ganewa ta Bonjour, Linux ta Avahi, Windows 10 da 11 kuma suna ganewa da kansu, sai dai ba ya tsallake rauta zuwa wani ɓangaren netwok, kuma yawanci ba ya aiki ta VPN, wato amintacciyar hanyar shiga netwok ɗin ofis daga waje. Ta biyu ita ce rubuta layi ɗaya a fayil ɗin hosts na kowace kwamfuta, wanda ke C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts a Windows, da /etc/hosts a Mac da Linux:

192.168.1.10 taska

Wannan ya wadatar ga ofis mai kwamfutoci kaɗan, amma ka rubuta a littafinka waɗanda ka yi wa, domin duk ranar canji sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan kana son cikakken suna mai ɗigo, ka yi amfani da ƙarshen .internal, wanda hukumar ICANN ta keɓe a 2024 don amfanin cikin gida, misali taska.ofis.internal. Gargaɗi a nan: Windows yana ɗaukar adireshi mai ɗigo a matsayin na intanet, saboda haka Word da Excel za su riƙa buɗe fayilolin a yanayin kariya suna nuna gargaɗi, har sai ka shiga Internet Options, sashen Security, ka ƙara sunan a cikin Local intranet.

Mataki na 3: Daidaita SMB a kan saba

Ka tabbatar saba tana aiki da SMB2 ko SMB3, ka kashe SMB1. Ta kafar SMB1 ce cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a duniya a watan Mayun 2017, kuma tun daga lokacin Windows ya daina saka ta kai tsaye a sababbin kwamfutoci, Samba ma ta kashe ta daga siga ta 4.11 a 2019. Idan wata tsohuwar injin hoton takardu ta ƙi adana abin da ta ɗauka sai da SMB1, gara ka sa ta riƙa aikawa ta imel da ka buɗe wa dukan ofis wannan ƙofa.

Kowane ma'aikaci ya samu sunan shigarsa da kalmar sirrinsa. Shigar baƙo, wato ba tare da kalmar sirri ba, tana da sauƙi a farko, amma Windows 11 Pro daga siga ta 24H2 ya daina yarda da ita kai tsaye, kuma yana neman a sa hannun tsaro a kan saƙonnin SMB, don haka ofishin da ya dogara da shigar baƙo zai ga sababbin kwamfutoci sun kasa shiga. Idan saba Samba ce kuma akwai masu Mac, ka ƙara wannan layi a smb.conf, sannan ka duba da umarnin testparm kafin ka sake tayar da ita:

vfs objects = catia fruit streams_xattr

Ka rage yawan foldodin da aka raba. Folda ɗaya babba mai suna aiki, da ƙananan foldodi a cikinta waɗanda aka tsara wa izini, ta fi goma daban-daban sauƙin sha'ani, domin kowace folda da aka raba sai an ɗaura ta daban a Mac da Linux, wato a haɗa ta da kwamfuta ta bayyana kamar foldar cikinta.

Mataki na 4: Kafa dokar sunayen fayiloli

Mahaɗi yana karyewa a kan suna fiye da yadda yake karyewa a kan netwok. Windows ba ya karɓar waɗannan alamomi a sunan fayil: < > : " / \ | ? * kuma ba ya karɓar suna mai ƙarewa da ɗigo ko tazara, ko sunaye irin su CON, PRN, AUX da NUL. Linux yana karɓar kusan dukkansu, saboda haka fayil ɗin da aka ƙirƙira kai tsaye a kan saba ta Linux da suna kamar "taro 10:30" zai bayyana wa mai Windows da wani gurɓataccen suna. Linux kuma yana bambanta babban harafi da ƙarami, Rahoto da rahoto abu biyu ne a wurinsa, alhali Windows da Mac a tsarinsu na asali suna ɗaukarsu abu ɗaya. Sannan manhajojin Windows da yawa har yanzu suna tsayawa a haruffa 260 na tsawon adireshi gaba ɗaya, abin da folda a cikin folda a cikin folda ke cinyewa da sauri.

Tazara ita ce babbar mai yanke mahaɗi, domin manhajar saƙo tana ɗauka adireshi ya ƙare a inda ta ga fili. A sunayen foldodi ka yi amfani da karan ɗori a madadinta, misali kasafin-kudi-2025.

Batun haruffa masu lanƙwasa na buƙatar ɗan bayani. SMB2 da SMB3 suna ɗauke da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ lafiya lau, kuma za su fito daidai a kowace kwamfuta. Matsalar tana tasowa ne idan aka mayar da adireshin zuwa salon URL, wato irin na adireshin yanar gizo, inda ƙ ke komawa %C6%99, ɗ kuma %C9%97, mahaɗin ya yi tsawo ya kasa karantuwa, wanda zai rubuta shi da hannu a kwamfutar da ba ta da madannan Hausa kuma ya rasa yadda zai yi. Haka alamar da ke cikin kalmomi irin su ma'aikata tana rikita wasu manhajoji, musamman idan Word ya mayar da ita mai lanƙwasa. Ga ofisoshin Nijar, Kamaru da Chadi da ke rubutu da Faransanci akwai ƙarin haɗari, domin harafi irin é ana iya ajiye shi a matsayin alama ɗaya ko biyu haɗe, Mac ya saba da salo na biyu, Windows da Linux na farko, sai a sami sunaye biyu da ido ke gani iri ɗaya amma kwamfuta na ganinsu daban. Shawarata ita ce sunayen foldodi, waɗanda su ne ƙashin bayan kowane mahaɗi, su kasance da haruffa marasa lanƙwasa da lambobi kawai. A cikin takardar kanta kuwa a rubuta Hausa da cikakkiyar ƙa'idarta.

Mataki na 5: Ɗaura foldar iri ɗaya a kowace kwamfuta

A Windows, ka buɗe File Explorer ka rubuta \\taska\aiki a layin adireshi, ka shiga da asusun ma'aikacin, sannan ka maƙala foldar a Quick access. Ni na fi son a tsaya a nan ba tare da ba ta harafin faifai ba, domin wanda ya saba shiga ta wannan hanya duk adireshin da ya kwafo zai fito da cikakken sunan saba. Idan wata tsohuwar manhajar asusu ta dage sai da harafi, to kowa ya ɗauki harafi ɗaya:

net use Z: \\taska\aiki /persistent:yes

Idan ka ga kuskure mai lamba 1219, ma'anarsa kwamfutar ta riga ta shiga wannan saba da wani sunan daban, Windows kuwa ba ya yarda da sunaye biyu a saba ɗaya lokaci guda. Ka rubuta net use shi kaɗai ka ga haɗin da ke akwai, ka goge tsohon, ka duba Credential Manager ko akwai tsohuwar kalmar sirri da aka ajiye.

A Mac, ka buɗe Finder ka danna Command da K, ka rubuta smb://taska/aiki, ka yarda a ajiye kalmar sirri a Keychain. Foldar za ta zauna a /Volumes/aiki. Don ta riƙa ɗauruwa da kanta, ka ƙara ta a Login Items. Ka lura, idan haɗi ya yanke ba bisa ƙa'ida ba aka sake ɗaurawa, wani lokaci Mac yana ba ta suna /Volumes/aiki-1, sai manhajojin zane da bidiyo su ce fayilolinsu sun ɓata. Maganinsa a cire foldar gaba ɗaya a sake ɗaura ta.

A Linux akwai hanya biyu. Mai sauƙin ita ce a buɗe manhajar fayiloli ta GNOME ko Dolphin ta KDE, a danna Ctrl da L, a rubuta smb://taska/aiki. Wadda ta fi ƙarko ita ce layi a /etc/fstab, bayan ka ƙirƙiri foldar /mnt/aiki:

//taska/aiki /mnt/aiki cifs credentials=/etc/samba/sirri,uid=1000,gid=1000,iocharset=utf8,_netdev,nofail,x-systemd.automount 0 0

A cikin fayil ɗin /etc/samba/sirri ka rubuta username= da password= kowanne a layinsa, sannan ka yi masa chmod 600 don kada wani ya karanta. Kalmar nofail tana hana kwamfuta maƙalewa wajen tashi idan saba ba ta riga ta dawo ba bayan ɗaukewar wuta, x-systemd.automount kuma yana jinkirta ɗaurawa har sai an nemi foldar. Lambar 1000 ta mai amfani na farko ce a yawancin nau'o'in Linux, ka tabbatar da umarnin id.

Mataki na 6: Tsayar da salon rubuta mahaɗin SMB

Ga fayil ɗaya kamar yadda kowane tsari ke rubuta shi:

\\taska\aiki\rahoto\2025\kasafi.xlsx
smb://taska/aiki/rahoto/2025/kasafi.xlsx

Na farko Windows ke ganewa, na biyu Mac da Linux. Hanyar da na gani ta fi ɗorewa ita ce a mayar da shi dokar ofis cewa duk mai aika mahaɗi ya liƙa layukan biyu, kowanne a layinsa, ba tare da ɗigo a ƙarshe ba. Ba ta da kyan gani, amma ba ta buƙatar saka wata manhaja, kuma ko saƙon bai mayar da layin abin dannawa ba, mai karɓa zai kwafa ya liƙa a File Explorer ko a Finder. Idan adireshin yana da tazara, a salon smb ana rubuta %20 a madadinta, a Outlook na kwamfuta kuma ana sanya salon Windows tsakanin alamomin < da > don kada ya yanke. A Mac mahaɗin da ya nuna folda ya fi wanda ya nuna fayil tabbas, don haka idan ana samun tangarɗa, a aika mahaɗin foldar a faɗi sunan fayil ɗin a gefe.

Don samo adireshin, a Windows 11 ka zaɓi fayil ka danna Ctrl da Shift da C, a Windows 10 kuma ka riƙe Shift ka danna ɓangaren dama na linzami ka zaɓi Copy as path, sannan ka cire alamomin zance da ke farko da ƙarshe. Idan abin da ya fito ya fara da Z: to ka musanya harafin da \\taska\aiki kafin ka aika. A Mac ka zaɓi fayil ka danna Command da I, adireshin smb yana layin Server. Kada a aika wanda ya fara da /Volumes ko /mnt, domin wannan adireshin cikin kwamfutar mai aikawa ne kawai.

Don rage wa mutane wahalar juyawa, ka ajiye ƙaramar takardar Excel ko LibreOffice Calc a saman foldar aiki. A liƙa adireshin Windows a A2, wannan lissafi kuma ya fitar da ɗayan:

=SUBSTITUTE("smb:"&SUBSTITUTE(A2,"\","/")," ","%20")

A Excel na Faransanci sunan aikin SUBSTITUE ne, ana kuma raba sassansa da waƙafi mai ɗigo a sama maimakon waƙafi.

Akwai abubuwa uku da ke kama da mafita waɗanda ya kamata ka guje musu. Na farko salon file://taska/aiki/rahoto, wanda ƙa'idar RFC 8089 ta 2017 ta yi bayaninsa. Windows yana buɗe shi, Mac da Linux kuwa yawanci ba sa neman wata saba da shi, sannan Chrome, Edge da Firefox suna hana shafin yanar gizo buɗe irin wannan mahaɗi. Wannan hani na da dalili mai ƙarfi, domin Windows yana miƙa shaidar shiga ta NTLM ga duk sabar da ya nufa, mahaɗin mugu kuwa na iya nufar sabar ɓarawo, kamar yadda aka gani a raunin Outlook da Microsoft ya toshe a watan Maris na 2023. Kada ka saka wani ƙari a burauza don kawai a tsallake wannan kariya. Na biyu fayilolin gajeriyar hanya: .lnk na Windows ne, alias na Mac ne, .desktop na Linux ne, kuma babu wanda ke karanta na ɗan'uwansa. Na uku rubuta sunan shiga da kalmar sirri a cikin mahaɗin smb, wanda salon ya yarda da shi, amma duk wanda aka tura wa saƙon ya samu mabuɗin asusun.

Ana iya koya wa Windows gane smb:// ta hanyar rubuta shi a rajistar saitunan Windows (Registry) tare da ɗan rubutun umarni mai juya adireshin. Yana aiki, amma sai an yi wa kowace kwamfuta, kuma idan rubutun bai tace abin da aka ba shi ba ya zama ƙofar kai hari. Idan har za ka yi, ka sa ya ƙi duk adireshin da bai fara da sunan sabarka ba.

Mataki na 7: Ƙara mahaɗin https a kan foldar da ke akwai

Idan binciken mataki na farko ya nuna akwai masu waya da masu aiki daga waje, ba sai ka kwashe fayiloli zuwa wani wuri ba. Akwatunan Synology da QNAP suna zuwa da manhajar File Station mai fitar da mahaɗin rabawa. Idan saba taka ce ta Linux, Nextcloud, wadda Frank Karlitschek ya kafa a 2016, tana da sashen External storage da ke ɗaura foldar SMB ya nuna ta a burauza. Tana ba da mahaɗi iri biyu. Na cikin gida, mai ƙarewa da /f/ da lamba, yana buɗewa ne kawai ga wanda ya shiga da asusunsa kuma yake da izini, shi ya kamata ma'aikata su riƙa aika wa juna. Na jama'a kuwa duk wanda ya same shi zai buɗe, don haka ka tilasta a saka masa kalmar sirri da ranar ƙarewa. Ka sani cewa idan aka canza sunan fayil ko aka matsar da shi ta hanyar SMB ba tare da sanin Nextcloud ba, lambar na iya canzawa mahaɗin ya mutu.

Mahaɗin https yana buƙatar takardar shaidar tsaro. Let's Encrypt yana bayarwa kyauta, amma sai kana da sunan yanki na gaske da ka yi wa rajista, ba ya ba sunan .internal ko .local. Kada ka koya wa ma'aikata danna "ci gaba" a kan gargaɗin burauza, domin wata rana za su danna shi a shafin da bai kamata ba.

Ka gargaɗi kowa cewa wanda ya sauke fayil daga mahaɗin https kwafi ya samu, gyaran da ya yi ba ya komawa saba sai ya sake ɗorawa, ko kuma an saka Collabora Online ko OnlyOffice don gyara a cikin burauza. WebDAV, wato hanyar ɗaura folda ta https, yana iya zama gada tsakanin hanyoyin biyu a Mac da Linux, amma ban ba da shawarar gina ofis a kansa a Windows ba, domin a saitinsa na asali ba ya sauke fayil da ya wuce kusan megabait 50, kuma Microsoft ya sanar a 2023 cewa ya daina bunƙasa wannan sashe.

Google Drive da OneDrive suna magance matsalar mahaɗi gaba ɗaya, kuma ga ƙaramar ƙungiya da mutanenta ke warwatse a garuruwa su ne mafi sauƙi. Abin dubawa shi ne kuɗin data da tsayuwar intanet, domin ranar da layin ya yanke mahaɗin ba zai buɗe ba ko da mai fayil ɗin yana ɗaki na gaba, manyan fayilolin zane da bidiyo kuma suna cinye data a hawa da sauka. Duk abin da ka zaɓa, kada ka buɗe ƙofar SMB mai lamba 445 ga intanet. Mai son SMB daga gida ya shigo ta VPN irin WireGuard. Ga waya a cikin ofis, manhajar Files ta iPhone tana shiga smb:// tun iOS 13 na 2019, Android kuwa yawanci sai an ƙara manhajar fayiloli mai jin SMB.

Mataki na 8: Mahaɗi a cikin takardu

Idan takarda tana nuna wata takardar da ke folda ɗaya da ita ko ƙarƙashinta, mahaɗi mai dangantaka ya fi, wato wanda ya fara daga inda takardar take, kamar hotuna/taswira.png, ba tare da sunan saba ba. Irin wannan yana aiki a duk inda aka ɗaura foldar. A LibreOffice ka shiga Tools, Options, Load/Save, General, ka tabbatar an zaɓi Save URLs relative to file system. A Excel, idan takarda tana jawo lissafi daga wata, duka biyun su zauna a folda ɗaya, kuma masu Windows su buɗe su ta \\taska\aiki, domin buɗewa ta harafi yau da ta suna gobe yana sa Excel ya riƙa tambayar inda ɗayar take.

Mataki na 9: Gwaji da shirin ranar canza saba

Da asusun gwajin da ka tanada, ka ƙirƙiri fayil uku: ɗaya mai suna mara matsala, ɗaya mai tazara, ɗaya mai ƙ da alamar da ke cikin ma'aikata. Ka aika mahaɗinsu daga kowace irin kwamfuta zuwa sauran ta duk hanyoyin da ake amfani da su a ofis, imel da WhatsApp da cikin takardar Word. Ka gwada kwamfutar da aka kunna yanzu wadda ba ta riga ta ɗaura foldar ba, domin a nan ne yawancin gazawa ke fitowa. Ka sa mutum biyu su buɗe takardar Excel ɗaya daga Windows da Mac, ka ga ko na biyun ya samu sanarwar cewa wani na gyarawa. Sannan ka kashe rauta da saba ka sake kunna su, ka maimaita. Idan suna ya ƙi aiki, umarnin ping taska zai nuna ko matsalar ta suna ce, smbclient -L //taska -U sunanka kuma zai nuna ko ta izini ce.

Abin da ya yi aiki ka rubuta shi a shafi ɗaya da misalai na gaske daga foldarku, ka ajiye a saman foldar aiki, ka kuma nuna wa kowane sabon ma'aikaci a ranarsa ta farko.

Ranar da za a sayi sabuwar saba, ka kwashe fayiloli da tsarin foldodinsu yadda yake, ka raba foldar da sunanta na da, ka kashe tsohuwar, sannan ka mayar da sunan taska kan sabon adireshi a DNS. Idan sabuwar Windows Server ce mai wani sunan nata, ka ƙara mata taska a matsayin suna na biyu da umarnin netdom computername, domin nuna mata sunan a DNS kaɗai ba ya isa a kowane hali. Ofishin da ke da Active Directory, wato tsarin Microsoft na kula da asusun ma'aikata daga wuri ɗaya, da saba fiye da ɗaya zai fi samun sauƙi da DFS, wanda ke ba da adireshi ɗaya a ƙarƙashin sunan yankin ofis ya ɓoye sunayen sabobin da ke bayansa. Mac yana bin DFS da kansa, a Linux kuma sai ka ƙara kunshin keyutils a kan cifs-utils kafin ɗaurawa ta fstab ta yi aiki.